Dutsen da ka tsinta a gona: murjani ne da gaske, kuma ta yaya ake sanin shekarunsa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka tsinci wani dutse a gonarku ta wajen Bajoga, fari-fari mai ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, wani ya ce maka murjanin teku ne da ya koma dutse wai ya kai shekara miliyan 400, kana so ka san ko gaskiya ne, sannan ko akwai inda za a yi masa gwajin kabon a faɗa maka shekarunsa. Toh ilimin duwatsu na karanta, kuma yawancin aikin fili na a wannan kwari namu na Gongola nayi shi, saboda haka zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Maganar miliyan 400 ɗin nan zan fara cirewa. Indai a ƙasar Bajoga dutsen nan ya kwanta tun asali, ba wani ne ya kawo shi ba, to bai kai haka ba ko kusa. Duwatsun da suka taru a ƙarƙashin teku a yankinmu na zamanin Kiretashiyos ne, wanda ya fara wajen shekara miliyan 145 da suka wuce ya ƙare a miliyan 66, kuma na wajen Bajoga da Ashaka musamman suna zagaye da miliyan 94 ne. Mutumin da ya faɗa maka wataƙila a intanet ya ga hoton murjanin Moroko ko na Amurka, waɗanda su kam sun kai wannan shekarun, sai ya ɗauka duk dutse mai ramuka haka yake. Kaga tun kafin in ga dutsen naka, sunan wurin kaɗai ya ba ni fiye da rabin amsa, kuma haka aikin yake a wurinmu, wurin da abu ya fito ya fi shi kansa abun magana.

Amma tukuna ma, murjani ne?

Dabbar murjani 'yar ƙarama ce mai taushi, jikinta jaka ce kawai mai baki a sama da 'yan hannuwa kewaye da bakin, tana zaune a cikin wani ɗan ƙoƙo na farar ƙasa da ita take gina wa kanta. Naman yana ruɓewa, ƙoƙon ne ke saura. Wasu su kaɗai suke zama, wasu dubbai ne a manne da juna. Abin da ke bambanta ƙoƙon murjani da kowane irin rami a jikin dutse shi ne cikinsa: akwai wasu 'yan katangu sirara a tsaye da suka taso daga bakin ƙoƙon suka nufi tsakiya, in ka leƙa ta sama zaka ga kamar tauraro ko fure. Masana na ce musu septa. Sannan in dutsen ya fashe ta tsaye, wasu ire-iren zaka ga bututu ne dogaye a jere, kowane bututu da 'yan daɓe a kwance hawa-hawa, saboda dabbar tana girma tana ɗagawa sama tana toshe ƙasanta. In babu katangun nan kuma babu daɓen nan, ramuka ne kawai, gaskiya da wuya ya zama murjani.

Ka wanke shi da ruwa da tsohon buroshin haƙori, kar ka kankare da ƙarfe. Ka jiƙa shi, saboda zanen ya fi fitowa in yana jiƙe, ka fita dashi rana da safe ko da yamma lokacin da haske ke zuwa ta gefe, ka duba da gilashin ƙara girma, in babu kyamarar waya ma tana yi in ka zuƙo. In saman ya cinye sosai ba a ganin komai, sami gefe ɗaya mara kyau ka goga a kan samfefa mai laushi da ruwa har ya yi sumul, nan zanen cikin zai bayyana. Gefe ɗaya fa, kar ka goge dutsen duka. Bayan nan ɗiga masa ruwan khal ko ruwan lemun tsami a wurin da ka goga, in ya yi 'yan kumfa to farar ƙasa ce, irin dutsen da ake siminti dashi. Mu asid ɗin haidirokulorik mai rauni muke amfani dashi a fili. Ruwan batir kuwa don Allah kar ka taɓa, zai ƙona ka kuma ya ɓata dutsen.

Abin da yasa na dage a kan wannan, a cikin duwatsun da mutane ke kawo mana suna cewa murjani ne mafi yawa ba shi bane. Marmara tana da ramuka sosai amma ja ce ko ruwan ƙasa mai duhu, ramukan a hargitse suke, babba da ƙarami, ba tsari, kuma ba ta kumfa. Dutsen yashi in iska da ruwa suka daɗe suna cinsa shima yana yin saƙar zuma, amma in ka murza da yatsa yashi zai zubo. Baƙin dutsen aman wuta irin na wajen Biu yana da ramukan iskar da ta fita lokacin da yake narke. Akwai itacen da ya koma dutse, ana samunsa a cikin dutsen yashin Bima, shi kuma zanensa zare-zare ne na tsawo, yana da tauri har wuƙa ba ta karce shi. Akwai wasu dunƙulallun duwatsu da ake samu a cikin baƙar laka ta Pindiga, masu tsage-tsage da farin dutse ya cike, mutane kan ce bayan kunkuru ne ko ƙwan wata dabba, alhali laka ce ta dunƙule ta tsage. Sai kuma wanda ya fi ruɗa har ɗalibanmu, wato wasu ƙananan halittun teku da ake kira birayozowa, suma a manne suke zama amma ramukansu ƙanana ne ƙwarai, basu kai milimita ɗaya ba, kuma babu katangun tauraro a ciki. Sau da yawa zaka gansu shimfiɗe a bayan ɓawon kawa.

Toh mu ce ka duba ka ga tauraron. Yanzu sai wane iri, kuma anan ne murjanin da kansa zai iya faɗa maka wani abu game da zamaninsa, duk da ba da yawa ba.

Manyan gidaje uku ne. Biyu sun ƙare tuntuni. Akwai Tabulata, su kullum a tare suke zama, bututunsu sirara ne, daɓen kwance a cike, katangun tsaye kuwa ko babu ko 'yan guntaye. Wanda ya fi shahara a cikinsu Favosites, shi ne ainihin mai kamar saƙar zuma, da Halysites wanda ta sama yake kamar sarƙa. Akwai Rugosa, waɗanda masu zaman kaɗaici a cikinsu suke da siffar ƙahon sa, a lanƙwashe, bayansu a tattare, katangunsu manya ne kuma sabbi suna fitowa ne a wurare huɗu, shi yasa in ka raba ƙoƙon biyu dama da hagu suke daidaita. Waɗannan gidaje biyu sun bayyana tun zamanin Odobishiyan, sama da shekara miliyan 450, suka yi tashe sosai a Siluriyan da Diboniyan, sannan suka shafe gaba ɗaya a ƙarshen Famiyan, shekara miliyan 252, lokacin da mafi yawan halittun teku suka mutu. Bayan nan an yi shekaru miliyoyi babu murjani mai ƙashi a duwatsu sam. Sai wajen miliyan 240, tsakiyar Tirayasik, gida na uku ya bayyana, Scleractinia, kuma su ne har yau suke gina tsaunukan ƙarƙashin ruwa a Bahar Maliya da gaɓar Ostireliya. Nasu katangun shida-shida suke tafiya: shida manya na farko, sai shida a tsakaninsu, sai 12, sai 24, kowane zagaye ya fi na baya gajarta. In ka samu ƙoƙo ɗaya mai kyau ka ƙirga dogayen ka ga shida ko 12, kusan ka gama.

(Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya wani reshe ne daban, daga tekun Bahar Rum aka fi samo shi, dabbarsa hannuwa takwas gare ta kuma ba ta barin irin wannan ƙoƙon, kar ka nemi kamanni tsakaninsu.)

Akwai wani bambanci da ya shafi yadda zaka same su. Tsofaffin gidajen biyu da kalsait, wani nau'in farar ƙasa, suka yi gini, yana jure zamani, shi yasa murjanin Moroko mai shekara kusan miliyan 400 zaka ganshi tsaf kamar jiya. Scleractinia kuwa da aragonait, wani nau'in farar ƙasar daban, suke yi, shi kuma ruwan ƙasa na narkar dashi ko ya sauya shi, saboda haka sau da yawa abin da ke saura shatinsa ne kawai, laka ta cika ƙoƙon ta daskare ƙashin ya tafi, sai ka ga inda katanga take ya zama tsaga. Wannan yasa sabon murjani kan fi tsoho lalacewa, kuma kar ka taɓa auna shekarun burbushi, wato ragowar halittar da ta koma dutse, da yadda ya tsufa a ido.

Kaga kenan in naka murjani ne na asalin wurin, dole ya zama ɗan gida na uku. In kuwa ka ƙirga ka ga Favosites ne sak ko mai ƙaho, to baƙo ne, wani ya zo dashi, ana sayar da irinsu sosai a garuruwan kudu maso gabashin Moroko kamar Arfud kuma suna yawo a hannun mutane. Amma ko ka tabbatar Scleractinia ne, me ka samu? Ka samu cewa bai wuce miliyan 240 ba. Wannan faɗi ne da ya yi yawa. Matsalar murjani ita ce jinsi ɗaya yakan daɗe ƙwarai bai sauya ba, ga shi da zaɓen wuri, yana son ruwa mai ɗumi, garai-garai, mara zurfi, ga shi kuma siffarsa ta waje tana canzawa da yanayin ruwa, har jinsi biyu da basu haɗa komai ba su yi kama. Don a kai ga sunan jinsi sai an yanka shi siriri an manna a gilashi an duba a madubin ƙara girma na ɗakin bincike. Ni a ganina duk wanda ya kalli hoton murjani a waya ya faɗa maka jinsi da shekara kai tsaye, cinta kawai yake yi.

Abin da muke yi shi ne mu tambayi shimfiɗar da ya fito a ciki da maƙwabtansa. Duwatsun da laka da yashi suka taru suka yi, hawa-hawa suke, kamar buhunan da aka jibge a sito, na ƙasa shi aka fara ajiyewa. A yankinmu jerin sananne ne. Can ƙasa akwai tsohon dutsen tushe, su giranit, irin waɗanda suka kewaye garin Bauchi, da yawansu wajen shekara miliyan 600, daga narkakken dutse suka fito saboda haka babu burbushin komai a ciki, wanda ya ce ya fasa dutsen cikin garin Bauchi ya ga murjani ya sake dubawa. A kansu sai dutsen yashin Bima, na koguna da tafkuna ne, ya haura miliyan 100. Sai Yolde, lokacin da teku ta fara shigowa. Sai Pindiga, baƙar laka da farar ƙasa, nan ne teku ta cika sosai. Sai dutsen yashin Gombe mai kwal irin na Maiganga, ƙarshen Kiretashiyos, teku tana janyewa. Sai Kerri-Kerri a sama, wadda ta rufe yammacin Gombe zuwa Alkaleri da Darazo, bayan miliyan 66, ita kuma ta tudu ce. Saboda haka ɗan tsakiyar nan ne kawai ake sa ran halittun teku sosai, kuma Bajoga da Ashaka a kansa suke zaune, dutsen da kamfanin siminti ke haƙa ma shi ne.

Wannan tekun ba ƙarama bace. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka ƙasa ta tsage ta yi kwarin Binuwai, ruwa ya biyo ta kudu, wani ya gangaro ta arewa ta cikin inda Sahara take yanzu, a lokacin da ruwan tekun duniya ya kai ƙololuwa wajen miliyan 94 suka haɗe. Inda kuke noman dawa da wake yanzu ƙasan teku ne a lokacin. Sai dai ruwan yawanci mai laka ne, koguna na ta zuba, shi yasa murjani bai yi yawa a duwatsunmu ba, abin da ya cika su kawa ne, da dodon koɗi, da bushiyar teku, da kuma amonait. In naka ya tabbata murjani ne to abin a rubuta ne, kuma da gaske nake so in gani.

Amonait ɗin nan su ne agogonmu. Dabba ce mai ɓawo a nannaɗe, dangin dabbar tekun nan mai hannuwa takwas da ake ce wa oktofas, na tabbata ka taɓa ganinsu, dunƙulallun duwatsu masu nauyi da yara ke wasa dasu a wajen Ashaka da Pindiga, wasu da zane mai lanƙwasa-lanƙwasa a jiki kamar an zana ganye. Suna iyo ne a buɗaɗɗiyar teku don haka jinsi ɗaya zaka same shi a nan, ka same shi a Nijar da Tunisiya da Sifen, kuma suna saurin sauyawa, wani jinsin bai kai shekara miliyan ɗaya ba wani ya maye gurbinsa. Yankinmu ya yi suna a duniya a kan wannan. A shekarun 1950 wani masani Richard Reyment ya sa wa wasu daga cikinsu Gombeoceras da Bauchioceras, lokacin duk lardin Bauchi ne, daga baya masana sun maida wasu ƙarƙashin wasu sunayen, amma har yanzu in ana maganar Vascoceras da Thomasites da Pseudotissotia sai an ambaci Ashaka. In murjaninka ya fito a shimfiɗa ɗaya da waɗannan, an matse shi tsakanin ƙarshen Senomeniyan da farkon Turoniyan kenan, wasu ƙananan zamuna biyu a cikin Kiretashiyos, daga faɗin miliyan 240 an dawo miliyan ɗaya ko biyu. In babu amonait, sai a ɗebi lakar da ke manne dashi a wanke a nemi ƙananan halittu da ido ba ya gani, su foraminifera da ƙurar furanni, irin aikin da masu neman man fetur ke yi da ɓarɓashin da ke fitowa daga rijiya, kamar a Kolmani. Shi yasa in akwai dutse ko laka manne a jikinsa ta baya kar ka cire duka.

Zaka ce to su lambobin daga ina suka zo, wa ya ƙirga miliyan 94? Amonait jeri kawai yake bayarwa, wannan kafin wancan. Lambar daga tokar aman wuta take zuwa. A wasu wurare, musamman yammacin Amurka, akwai shimfiɗun toka a tsakanin duwatsun da ke ɗauke da amonait na wannan zamanin, a cikin tokar akwai ƙananan ƙwayoyin zirkon da suka kulle yuraniyom a cikinsu ranar da suka daskare. Yuraniyom yana rikiɗa ya koma dalma a hankali da saurin da aka sani, nau'in 238 sai ya yi shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya juya, sai a auna nawa ya saura nawa ya koma dalma a fitar da shekaru. Ana sake gwadawa da wata hanyar ta auna iskar agon da ke cikin tokar a gani ko sun yi daidai. Daga nan aka sami cewa iyakar Senomeniyan da Turoniyan tana wajen miliyan 93.9, kuma duk inda aka ga wannan jerin amonait a duniya lambar ta bi shi, har Ashaka.

Gwajin kabon da ka tambaya kuwa, kar ka kashe ko sisi. Kabon 14 rabinsa na ƙarewa ne a shekara 5,730, bayan shekara kamar 50,000 babu abin da ya saura da za a auna. Yana da amfani ga gawayi da ƙashi da itace na tarihin mutane, da irinsa aka gano kwalekwalen Dufuna na Yobe ya kai wajen shekara 8,000, amma ga naka in aka yi ma lambar ƙarya za ta fito daga dattin da ya shiga daga baya. Akwai gwajin yuraniyom da toriyom da ake yi wa murjani kai tsaye, mai kyau ne ƙwarai, amma iyakarsa wajen shekara 500,000 kuma sai aragonait ɗin bai sauya ba. Naka ya wuce nan nesa.

Wani abu da nake so game da murjani, wasu suna da 'yan layukan girma a baya, na kullum-kullum, a cikin manyan layuka na shekara. A 1963 John Wells ya ƙirga na wasu Rugosa na Diboniyan ya sami kusan kwana 400 a shekara, ma'ana duniya ta fi saurin juyawa a lokacin, yini bai kai awa 24 ba. Ba hanyar auna naka bace, amma in ka ga 'yan layuka a bayansa ka san abin da suke.

Saura abu ɗaya da zai iya rushe duk lissafin nan: a ina takamaimai ka ɗauke shi? In garma ce ta tono shi daga farar ƙasar da ke ƙarƙashin gonar, ko ka ciro shi a jikin gaɓar kwari, magana ta zauna. In kuwa a cikin yashin rafi ne, ko gefen hanya inda tifa ke zubar da tsakuwa, to zai iya zama ruwa ne ko mota ta kawo shi daga wani wuri, Gongola da rassanta suna ɗauko duwatsu daga nesa, kuma dutsen da ya sha birgima zaka ga gefunansa sun goge sun yi santsi. Irin wannan sai dai a ce wataƙila.

Batun kuɗi, tunda nasan zai zo, ba shi da wata daraja a kasuwa, kar wani ya ruɗe ka ka shiga haƙa ramuka a gona, kuma ramin kwarin siminti ba a shiga sai da izini, bangonsa na zubowa.

Ka koma wurin ka tsaya daidai inda ka ɗauka ka ajiye lambobin wurin a taswirar wayarka, ka ɗauki hoton ƙasar, ka duba ko akwai amonait ko ɓawon kawa a kusa ka tsinto biyu ko uku. Rubuta wuri da rana a takarda ka sa a leda ɗaya da dutsen, kowanne da ledarsa. Hoton dutsen kuma ka ɗauka ta sama, ta gefe, da wurin da ka goga yana jiƙe, da ruler ko murfin biro a kusa don a ga girma. Ka turo min su, ko ka kai dutsen sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Jihar Gombe ko na ATBU a Bauchi, suna da madubin da ake buƙata, kuma ka faɗa min katangu nawa ka ƙirga a ƙoƙo ɗaya.